Zaman da Mashayi Ke Riƙe Hannun Mashayi

A watan Mayun 1935 wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson ya je garin Akron na jihar Ohio a Amurka kan wata harkar kasuwanci, harkar kuma ta wargaje. Wata biyar ke nan rabonsa da giya. Ga shi shi kaɗai a otal, ga mashaya 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Sai ya nufi wayar tarho, ya yi ta bugawa yana cigiyar wani mashayi da za su zanta. Aka haɗa shi da Dakta Bob Smith, likitan tiyata wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. A watan Yuni likitan ya sha kwalbarsa ta ƙarshe, bai sake ba har ya rasu a 1950.

Bill ya nemi likitan ne don shi kansa kada ya koma ruwa, ba don ya yi masa wa'azi ba. A kan wannan aka gina ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA, wadda yau take da rassa a ƙasashe kusan 180. Wanda ya daina yana ƙara ƙarfi idan ya tallafi sabon shiga, shi kuma sabon yana jin magana daga bakin wanda ya taɓa ɓoye kwalba a bayan gida, ya taɓa rantse wa matarsa da asuba ya karya kafin magariba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zaman kansa ba shi da wani tarkace. Yawanci awa guda ne, a wani ɗaki da aka ara ko aka yi haya. Kowa da sunansa na fari kawai ake saninsa, ba a tambayar ɗan gidan wa ne ko ina yake aiki. Mutane na magana bi da bi, ba a katse mai magana, ba a yi masa gardama. Sabon zuwa yana iya zama shiru har a tashi. Ba kuɗin rajista, sai dai a zagaya da kwando kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Sharaɗi ɗaya ne: mutum ya kasance yana son daina sha. Akwai zaman da kowa ke iya halarta har da dangi, akwai kuma na masu matsalar kaɗai. In an saba, mutum kan zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya zama madogararsa, wanda zai kira ko da tsakar dare ne idan sha'awar ta taso. Ba a sa mutum alkawarin shekara. Yau kaɗai ake nema kada ya sha.

A 2020 cibiyar Cochrane ta tace bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Ta gano cewa a cikin waɗanda aka bi da su ta tsararren shirin shigar da mutum AA, kashi 42 cikin ɗari sun cika shekara ba su sha ba, alhali masu samun wasu hanyoyin jinya ta tattaunawa kashi 35 ne. Wannan ba warakar kowa ba ce, amma ga abin da ba a biya, ba ƙaramin abu ba ne. Balle ma da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019.

A ƙasar Hausa babban shingen shi ne kunya. Mashayi a nan yana sha ne a ɓoye, yana tsoron Allah, yana tsoron bakin unguwa, don haka ko ya gaji ba shi da wanda zai faɗa wa. A ganina nan ne zaman intanet ya fi amfani: tun annobar korona a 2020 ake yin tarukan ta Zoom dare da rana, mutum na iya shiga da wayarsa ya kashe kyamara ya saurara. Galibinsu da Turanci ne, akwai kuma na Faransanci da na Larabci. Shafin AA yana da jerin ofisoshinta na ƙasashe. Akwai addu'a a tsarin AA, kuma wanda salonta bai kwanta masa ba yana da zaɓi: Musulmi a birnin Baltimore sun kafa Millati Islami a 1989, akwai kuma SMART Recovery da aka fara a 1994 wadda ba ta sa addini a tsarinta. Matan mashaya da 'ya'yansu suna da tasu, Al-Anon, tun 1951. Idan zaman farko bai yi wa mutum ba, ya gwada wani, domin kowane rukuni da halinsa.

Sai dai zaman nan ba asibiti ba ne. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya yanke lokaci guda, jikinsa na iya kama rawa, gumi ya karyo, ya yi farfaɗiya, cikin kwana biyu zuwa uku ya fara gane-gane, kuma hakan na kisa. Irin wannan mutum ya fara ganin likita, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko babban asibitin da ya fi kusa da shi.

In kina da miji, ko kana da ƙane a wannan hali, kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daina da ƙarfin tsiya. A raka shi wajen likita, sannan a taya shi neman zama a cikin makon nan.