Wa shugaban ƙasa ke nema idan zai naɗa alƙalin Kotun Ƙoli?

A zangon karatun da ya gabata wata ɗaliba ta tambaye ni a aji: “Malam, idan shugaban Amurka zai naɗa alƙalin Kotun Ƙoli, wanda ya fi kowa sanin shari'a yake nemowa?” Na ce mata ilimi yana shigar da mutum cikin jerin sunaye ne kawai. Abin da ke fito da shi daga cikin jerin wani lissafi ne daban, kuma shi nake son mu duba a wannan mako.

Tsarin mulkin Amurka bai tsawaita ba: shugaban ƙasa ya gabatar da suna, Majalisar Dattawa ta amince. Bai gindaya shekaru ba, bai ma ce sai lauya ba. Kujerun tara ne tun 1869, kuma wanda ya hau ba ya sauka sai mutuwa, ko murabus, ko tsigewa. Shi kuwa shugaba wa'adi biyu ne iyakarsa. Shi ya sa abu na farko da ake dubawa shi ne ƙuruciya. George Bush babba ya naɗa Clarence Thomas a 1991 yana da shekara 43. Bush ya bar mulki a 1993, ya bar duniya a 2018, Thomas yana nan kan kujerarsa.

Na biyu, aƙida. A nan shugabanni sun sha cizon yatsa. Eisenhower, ɗan jam'iyyar Republican, ya naɗa Earl Warren a 1953, sai ga kotun Warren ta zama abin alfaharin masu sassaucin ra'ayi. Haka David Souter, wanda Bush ɗin ya naɗa a 1990, ya riƙa bin ɓangaren da ba a zata ba. Masu ra'ayin riƙau suka ɗauki darasi, suka koma renon alƙalansu tun daga jami'a ta hanyar ƙungiyar Federalist Society da aka kafa a 1982, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A watan Mayun 2016, tun yana ɗan takara, Donald Trump ya fitar da sunaye 11 na waɗanda zai zaɓa daga cikinsu. Ya samu damar naɗa alƙalai uku, kuma duka ukun suna cikin waɗanda suka soke hukuncin 1973 mai halatta zubar da ciki, a shekarar 2022.

Na uku, ƙidayar ƙuri'u a majalisa. A 1987 sanatoci suka yi watsi da Robert Bork, 58 da 42, duk da ba wanda ya musanta iliminsa. Da Antonin Scalia ya mutu a Fabrairun 2016, Obama ya gabatar da Merrick Garland, dattijo mai matsakaicin ra'ayi, amma Mitch McConnell ya hana a ko saurare shi, wai zaɓe ya gabato. McConnell ɗin nan ne ya jagoranci amincewa da Amy Coney Barrett a Oktoban 2020, saura kwana takwas a yi zaɓe. Ashe ƙa'idar tana bin mai rinjaye ne.

Na huɗu, sakayya ga masu zaɓe. Johnson ya naɗa Thurgood Marshall, baƙar fata na farko, a 1967. Reagan ya yi alkawarin naɗa mace, ya cika da Sandra Day O'Connor a 1981. Biden ya yi alkawarin mace baƙar fata, ya kawo Ketanji Brown Jackson a 2022.

Mu a Nijeriya hannun shugaba bai kai haka sakewa ba. Sashe na 231 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ta ba da shawara, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Dole mutum ya shekara 15 da zama lauya, kuma yana cika shekara 70 zai sauka. A takarda, tsarinmu ya fi tsare kotu daga son zuciyar mutum ɗaya.

Sai dai akwai abin da Amurkawa suka fi mu. Wanda aka gabatar yakan yi kwanaki yana amsa tambayoyi a bainar jama'a, ana tone hukunce-hukuncensa ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa a baya galibi sai an gama muke jin sunaye. Alhali kotun nan ce ta sauke gwamnan Imo a Janairun 2020, ita ce kuma ta yanke makomar kujerar gwamnan Kano a Janairun 2024. Mutanen da ƙuri'armu kan ƙare a hannunsu, ya kamata mu san su kafin su zauna. Ina kira ga sanatocinmu, da lauyoyi, da mu malaman jami'a, mu nemi a riƙa bayyana sunayen da hukunce-hukuncen da suka yanke a baya, a ba jama'a lokacin yin magana tun kafin rantsuwa.