Jujin da ya daina zama taki

Duk wanda ya tashi a ƙasar Katsinar Maraɗi ko Gobir ya san juji dukiya ne. Idan rani ya yi nisa, manomi kan aza wa jakinsa mangala ko ya ɗaura shanu a amalanke, ya shigo gari ya kwashi abin da gidaje suka zubar, ya kai gona ya jibge tsibi-tsibi kafin ruwan shuka. Haka aka daɗe ana yi a kewayen Kano ma, jakuna su shiga birni da itace su fito da taki. Jujin wancan zamani bai wuce toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, fasasshiyar ƙwarya da tsohuwar tabarmar kaba ba. Dukkansu ƙasa na cinye su.

Yanzu je ka tsaya bakin wani juji a unguwar Sabon Gari ko Zariya ko Bagalam a nan Maraɗi ka duba da kyau. Baƙar leda ce a sama, ledar fiyawata a ƙasa, ga robar lemo, ga kunzugun jarirai na kanti, ga matattun batura da suka fara tsatsa, ga fasasshiyar kwalba, wani lokaci har da sirinji. Manomin Tibiri bai daina kwasa ba, don takin zamani ya yi tsada, amma tare da takin yake ɗaukar wa gonarsa cuta. Ledar da ta nutse cikin ƙasa tana tare ruwa, tana tare saiwar hatsi, kuma shekara da shekaru hauya za ta riƙa tono ta yadda take. Kwalbar kuwa tana nan tana jiran ƙafar mai noma.

Ba a rasa doka ba. Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63 da ta hana ƙera irin wannan leda mara kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita. Ruwanda ta yi irin wannan hani a 2008, Kenya a 2017, kuma can an bi da tara mai zafi har abin ya kama. Mu a nan, mai tumatir, mai ƙosai da mai goro kowa da ƙunshin ledarsa, ba wanda ke ɓoyewa. Ni dai ban ga alamar za a wayi gari leda ta ɓace daga kasuwar Maraɗi ba. Abin da ke hannunmu shi ne mu hana ta cakuɗuwa da abin da ke ruɓewa, kuma wannan aiki a tsakar gida ake yin sa.

To wa ke taɓa shara a gidajenmu? Yarinya ce ke share tsakar gida da asuba. Yaro ake ce wa "ɗauki ka kai juji". Shi ake aika kanti ya dawo da sukari a leda ɗaya, ganyen shayi a wata, ashana a ta uku. Shi ya sa nake ganin lakwal, wato makarantar boko, ita ce wurin da ya dace a fara, tun daga ajin farko na CI. Ba sabon darasi ake nema a cusa cikin jadawali ba, kuma ba sai an jira wata ƙungiya ta kawo kwandunan roba masu launi-launi ba. Tsohon buhu, rabin jarka da kwandon kaba sun isa. Tambaya ɗaya mushe ko madam za su koya wa yaro ya riƙa yi kafin ya yar da abu: ƙasa za ta ci wannan?

Hanyar da ta fi shiga kan yaro ita ce ya gani da idonsa. A haƙa ƙananan ramuka biyu a gefen aji. A binne ɓawon ayaba da ganyen dogonyaro a ɗaya, a binne baƙar leda da murfin kwalba a ɗayan, a kafa ƴan sanduna don shaida, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan wata guda a tone a gaban ƴan aji. Ɓawon ya yi baƙi ya narke, da ƙyar za a gane shi, ledar kuwa sai a karkaɗe ta a sake zuba gyaɗa ciki. Yaron da ya ga haka ba ya bukatar a sa shi haddar komai.

Daga nan sai rabon kashi uku: abin da ke ruɓewa, abin da ke da mai saye, da abin da ke da haɗari. Akwai ma na huɗu da ba a cika lura da shi ba, wato rairayi. Yawancin nauyin kwandon sharar gidajenmu ƙasar tsakar gida ce da tsintsiya ta kwaso. Idan aka tankaɗe ta da tsohuwar rariya aka mayar da ita inda ta fito, kayan yaro ya ragu, kuɗin mai amalanke ma ya ragu.

Ramin taki shi ne zuciyar aikin, kuma ya dace da manya ƴan CM1 da CM2. A samu inuwa nesa da rijiya da ajujuwa, a haƙa rami da zurfinsa bai wuce mita ɗaya ba. A shimfiɗa sararren karan hatsi a ƙasa don iska ta samu hanya. A bi da ganye da ɓawo da ragowar kayan miya, sannan kashin awaki ko na shanu, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har ramin ya cika, a rufe da tsohuwar tabarma ko ciyawa. Ruwan kada ya yi yawa. Idan ka damƙi takin ya dunƙule a hannunka ba tare da ya ɗiga ba, ya yi daidai. A soka sanda a tsakiya. Bayan ƴan kwanaki a zare ta a bai wa yara su taɓa: za su ji ta da zafi, don cikin ramin yakan kai wajen digiri 60, kuma wannan zafin ne ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa masu yawa. A riƙa juyawa duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙar ƙasa mai ƙamshin damina. Nama, ƙashi da abinci mai maiƙo ba sa shiga, don su ke jawo ƙuda da ɓera da karnuka. Idan ramin ya fara wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara kara a juya. Idan sanda ta fito da sanyi, ƙishirwa yake ji.

Lokacin ma ya yi mana daidai. Ana komawa lakwal a Oktoba, kaka ta yi, kara da harawa ko'ina. Ramin da aka cika a Nuwamba ya nuna kafin sanyi ya wuce, a zuba wa salak da zogale a lambun makaranta. Masu sanin aikin kuma ba nesa suke ba. Manoman lambun Jiratawa, inda ake noman rani a fili mai kimanin hekta 500 tun farkon shekarun 1980, sun san taki kamar yunwar cikinsu. Ga cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, ga ɗaliban aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Darakta ya gayyato mutum ɗaya ya yi wa yara hantsi guda, ya wadatar.

Kashi na biyu ba ya bukatar dogon bayani, don ƴan gwangwan sun riga mu sanin darajarsa. Gwangwanin alminiyam maƙera na narka shi su zuba tukunya da ludayi. Tsohon ƙarfe, fasasshiyar buta, bokiti da takalmin roba ana sayensu a kan sikeli. A tara a buhu, babba ya sayar, kuɗin ya shiga hannun kwamitin kula da makaranta, a sayi alli da sabulu, a faɗa wa yara nawa aka samu. Baƙar leda ce marainiya, ba mai sayenta. Maganinta a rage karɓa: a aiki yaro da kwano ko jakar yadi.

Sai gargaɗi, kuma iyaye su saurara da kyau. Koya wa yaro raba shara daban, mayar da shi ɗan tonon juji daban. Kada malami ya tura yara unguwa su tsinto gwangwani don a cika buhu. Abin da aka yar a harabar makaranta da cikin gida kawai za su raba, tun kafin ya gauraya. Allura, reza, sirinji da fasasshiyar kwalba, yaro ya nuna da yatsa, babba ya ɗauka. Robar maganin feshi, wadda ta yi yawa a garuruwan lambu, ba a wanke ta a zuba ruwan sha ko mai, komai kyanta. Batirin mota da na sola akwai dalma a ciki, kada yaro ya kusanci inda ake fasa shi. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da ita ta kashe yara fiye da 400. Kuma a daina hura gawayi da leda, a daina cinna wa juji wuta da magariba. Hayaƙin roba guba ne, mai asma da jariri ne ke fara jin jiki. Bayan kowane aiki a wanke hannu da sabulu. Wanda ya tuna kwalarar da ta tashi a yankin Madarunfa a daminar 2018 ba sai an nanata masa wannan ba.

Masu kiwo ma suna da rabo a maganar. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, tana kiwo a bakin juji tana haɗiyar leda saboda ɗanɗanon gishiri da mai. Sai ka ga cikinta ya kumbura amma tana ramewa, mai ita na ta sayen magani. Tambayi mahauci abin da yake cirowa daga tumbi. Ledar da ta kuɓuce wa akuya kuma kanibo, wato magudanar ruwa, take tafiya, ta toshe shi, ruwan Agusta ya kwanta, sauro ya samu gida. Maraɗi, garin da ambaliyar Gulbi ta kora daga kwari zuwa tudu a 1945, bai kamata ya yi wasa da hanyar ruwa ba.

Na san abin da wani zai ce: me amfanin raba shara in motar magajin gari za ta haɗe ta wuri ɗaya? Gaskiya ce, kuma hukuma na da nata aikin da ba yaro zai yi mata ba. Amma rairayi ya koma tsakar gida, mai ruɓewa ya shiga rami, ƙarfe da roba sun tafi wurin mai sikeli. Abin da ya rage wa motar ɗan kaɗan ne. Makarantun allo ma za su iya, don almajirai ne ke kwashe sharar gidaje da yawa a garin nan, kuma malamansu da dama manoma ne da ke bukatar takin.

Inda irin wannan aiki ya saba mutuwa shi ne dogon hutu. Daga Yuli zuwa Satumba ba kowa a lakwal, ruwa ya cika ramin, awakin unguwa su shiga lambu. Tun kafin a rufe makaranta a kwashe takin da ya nuna, a raba wa iyaye manoma ko a zuba wa itatuwan harabar, a rufe ramin, sannan kwamiti ya damƙa wa mai gadi ko wani maƙwabci amanar wurin, a rubuta sunansa a gaban kowa.