Tarin Fukan Shanu: Daga Mashaya Zuwa Ƙwaryar Nono a Jos

Likitan dabbobin da ke duba nama a kwatar Jos ya san alamar da zarar ya tsaga huhu: wasu ƙulle-ƙulle farare ko masu ruwan ɗorawa, waɗanda wuƙa ke ƙaras-ƙaras a cikinsu. Wannan shi ne tarin fukan shanu. Ƙwayar da ke kawo shi, Mycobacterium bovis, 'yar'uwa ce ta kusa ga wadda Robert Koch ya gano a 1882 tana haddasa tarin fuka a jikin mutum. Ba ta zaɓen jiki: tana kama saniya, akuya, alade, kare, naman daji da ɗan Adam. Saniya kan yi watanni, wani lokacin shekaru, tana kiwo tana ba da nono da cutar a jikinta, kafin rama da tari su tona asirin.

A Ingila an shafe fiye da shekara hamsin ana muhawara kan hanyar da cutar ke bi. A 1971 aka same ta a jikin dagen Turai, wata dabba mai farin zane a fuska da ke haƙa rami tana fitowa da dare. Dagen da ya kamu yana zubar da ƙwayar a fitsari, kashi, majina da mugunyar raunin cizo. Yana da wuraren da yake bahaya a gefen makiyaya, yana shiga rumbun abincin shanu, yana sha a kwamin ruwansu. Da masu bincike suka rataya wa dage da shanu na'urorin bin sawu, sai suka ga da wuya su haɗu gaba da gaba. Ciyawa, ƙasa da ruwa ne ke kai saƙon, domin ƙwayar na iya rayuwa makonni har watanni a wuri mai sanyi, laima da inuwa, ko da yake zafin rana na kashe ta.

Daga 1998 zuwa 2005 an yi wani babban gwaji na kashe dage a wasu yankunan ƙasar. Cutar ta ragu a garkunan da ke tsakiyar wuraren, amma ta ƙaru a na gefe, saboda dagen da suka tsira sun watse sun kai ta inda ba ta. Tun 2013 an kashe dage fiye da 200,000, kuma duk da haka ana yanka shanu fiye da 20,000 a shekara saboda cutar. Bincike ya nuna cewa yawancin yaɗuwar tsakanin saniya da saniya take, ta numfashi a cikin cunkoso da kuma saye da sayarwa. A gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu ma, shanu ne suka shafa wa ɓauna, daga nan ta kai ga zakunan da ke cin su.

Abin da ya kamata mutumin Filato ya ɗauka daga wannan shi ne, a daina neman dabbar da za a ɗora wa laifi, a dubi wuraren da dabbobi ke haɗuwa. Irin waɗannan wurare kuwa muna da su birjik. Jos na bisa tsauni mai tsayin mita 1,200, sanyinta da ƙarancin ƙudan tsando su suka jawo shanu tun asali, kuma sanyin nan da laimar damina suna yi wa ƙwayar daɗi. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi sun zama mashaya, inda garken wannan ruga da na waccan ke tsoma baki a ruwa ɗaya da rani. A kara ana cakuɗa shanun da aka kawo daga Bauchi, Borno, Chadi da Kamaru, wasu su tafi kwata, wasu su koma garke. Da dare shanu na kwana jiki da jiki, maraƙi na tsotson uwa. Huhun da aka yar a bayan mayanka kuwa, kare ko alade ne zai cinye shi. Shanun da ke kiwo a bakin gandun dajin Pandam ko kusa da Yankari suna taka sawu ɗaya da namun daji, kuma cutar na iya tafiya ta kowane ɓangare.

Babbar ƙofarta zuwa jikin mutum ita ce ɗanyar madara. Tsamin nono ba ya tabbatar da mutuwar ƙwayar. Wuta ce ke kashe ta. Matan da ke dafa madara kafin su kwantar da kindirmo suna kare masu saye ko da ba su sani ba. A Birtaniya, a shekarun 1930, cutar na kashe fiye da mutum 2,000 a shekara, yawanci yara, kuma dafa madara da gwajin shanu ne suka kawo ƙarshen wannan asara. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa mutum 140,000 suka kamu da irin wannan tarin a 2019. Idan ta madara ya shiga, sau da yawa kaluluwar wuya ko hanji yake kamawa, ba huhu ba, don haka gwajin majina kan wuce shi. Ƙwayar kuma ba ta jin ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara ba mai tarin fuka. Makiyayi, mai tatsa da mahauci su ne a sahun gaba, domin suna shaƙar numfashin dabba kuma suna taɓa kayan ciki da hannu mai rauni.

Abin takaici shi ne, kayan yaƙin suna bakin ƙofarmu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, inda aka fara da yaƙi da bushiya, cutar da duniya ta yi bankwana da ita a 2011. Akwai kwalejin kiwon lafiyar dabbobi a Vom ɗin, akwai tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Jos. Gwajin ma ba mai wahala ba ne: allura ce a fatar wuya ko gindin wutsiya, a dawo bayan awa 72 a duba kumburi.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da zai biyo bayan gwajin. Manomin Ingila ana biyan sa diyyar saniyar da aka yanka. Mahaucin da ya ci bashi ya sayi sa, aka ce a ƙona naman ba tare da an ba shi ko kwabo ba, gobe a bayan gari zai yi yanka inda babu likita. Ardon da ya san allura za ta raba shi da nagge mai nono, ba zai kawo garke ba. A jihar da rikici ya raunata amana tsakanin makiyayi, manomi da hukuma, ba a gwajin shanu da umarni kawai.

Saboda haka Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, da gwamnatin Filato su fara da asusun diyya, su zauna da ardo-ardo da sarakunan fawa. A riƙa rubuta daga wace kara aka kawo kowace dabbar da aka samu da cutar, domin a bi sawu zuwa garken. A ƙona ko a binne huhun da ya lalace. A asibiti a riƙa tambayar mai kumburin wuya ko yana shan ɗanyar madara. A gida kuwa, a tafasa madara kafin a ba yaro, kuma duk wanda ya yi mako biyu yana tari ya je asibiti, domin gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.