Abincin Saniyar Tatsa

Ka taɓa lura cewa nono yakan yi araha da damina, ya yi tsada da rani? Dalilin yana wajen ciyawa. Da damina saniya tana samun ɗanyar ciyawa, kamar gamba da kyasuwa, sai hantsarta ta cika. Da rani kuwa ciyawa takan bushe, amfaninta ya ragu, saniya ta rame. A lokacin bazara, kafin ruwa ya sauka, wani sa'in ko maraƙinta ba ya ƙoshi.

Saboda haka, idan kana kiwon saniyar tatsa, ka fara shirin rani tun damina ba ta wuce ba. Ka yanki ciyawa kafin ta tsufa, ka shanya ta, ka adana inda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba. Da kaka ka tara harawar wake da ta gyaɗa, domin sun fi karan dawa gina jiki nesa ba kusa ba. Ka ɗaure su dami-dami, ka ɗora a kan rumfa. Ka kula kada ganyen ya zube, gama a ganyen amfanin yake.

Ciyawa kaɗai ba ta isar saniya mai yawan nono. Ka ƙara mata dusa da angurya, amma kaɗan-kaɗan, saboda canjin abinci farat ɗaya yana ɓata mata ciki. Ka ajiye mata kanwa ko gishiri ta riƙa lasa. Kada ka rage mata ruwan sha, domin kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne.