Kafin Iyali Su Sayi Motar Kwatano

Idan yara suka kai huɗu ko biyar, babur ba ya iya ɗaukar iyali. Shi ya sa magidanta a Warra, Ngaski da Yauri suke sha'awar motar kwatano mai kujeru bakwai, irin Sharan ko Sienna. Ga abubuwa uku da ya kamata mu auna.

Na farko, kuɗin saye somin taɓi ne. Motar ta riga ta yi shekaru tana aiki a Turai ko Amurka. Mu tafi da makaniken da muka amince da shi ya duba inji, giya da birki, mu kuma ga takardar kwastan da idonmu. Hanyoyin bakin tafkin Kainji suna cin taya da damina, kuma man fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Araha ba ta ado.

Na biyu, a ƙauye mota takan zama ta kowa: mai naƙuda da tsakar dare, ranar kasuwa, taron zumuntar mata. Mu shirya da dattawan ikkilisiya yadda za a riƙa haɗa kuɗin mai, kada taimako ya cinye kuɗin makarantar yara.

Na uku, lodi. Ba mu manta jirgin ruwan da ya nutse kusa da Warra a Mayun 2021 ba, maƙare da mutane da kaya. Kujera bakwai, mutum bakwai. Buhunan shinkafa su jira wani sawu.

Ubangiji ya kai mu gida lafiya.