Kare Mai Gadi Da Tabarmar Mai Gida: Yadda Za Mu Koya Masa Ya San Wurinsa

Duk wanda ya taɓa kwana a kasuwannin iyaka, ko Birnin Ƙonni da Illela ne, ko Ɗan Isa da Jibiya, ko Gaya da Malanbil, ya san cewa idan dare ya raba aka rufe mangaza, abu biyu ne ke saura a farke, wato mai gadi da karensa. Da yawa daga cikinmu 'yan kasuwa mun ajiye kare ne don tilas, saboda ɓarawo yana shakkar haushi fiye da yadda yake shakkar kwaɗo. To amma akwai ƙorafin da muke yawan ji a rumfuna. Sai a wayi gari a tarar da karen ya miƙe a kan buhunan shinkafa, ko ya naɗe a kan dilar atamfa, ko kuma ya mayar da tabarmar mai gida da bencin baƙi wurin kwanansa. Daga nan sai sanda da jifa, gobe kuma a sake tarar da shi a wurin.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai saye da sayarwa. Mai sayen da ya ga gashin kare a bakin buhun gari ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa na kusa da shi. Hajiyar da ta shinshina turmin atamfa ta ji ƙarni, ta fasa ciniki ke nan, ko da an rage mata jika biyu. Ga kuma darduma da tabarmar salla, waɗanda ba mai son ya ga sawun kare a kansu. Abin da muke so mu bayyana a yau shi ne, ana iya raba kare da wannan ɗabi'a ba tare da an karya masa zuciya ba, in dai an san abin da ke kai shi wurin.

Me ke kai shi kan kayanmu?

Kare babba yana yin barcin awa 12 zuwa 14 a kwana ɗaya, saboda haka neman makwanci babbar sana'a ce a wurinsa. Da hunturu simintin mangaza yana ɗaukar sanyi, buhu da katifa kuwa suna riƙe ɗumi. Da bazara sai ya nemi inuwa da wurin da iska ke ratsawa, shi ya sa ake ganinsa a gindin randa ko a kan gadon kara. Yana kuma son tudu, domin daga saman buhuna yana hango ƙofa da duk mai shigowa, wanda shi ne aikin da muka ɗauke shi ya yi. Na ƙarshe, hancinsa ne ke jagorantarsa. Tabarmar mai gida tana ɗauke da ƙamshin mutumin da ke ba shi abinci, don haka a nan hankalinsa ya fi kwanciya.

Idan muka duba waɗannan dalilai, za mu ga babu raini ko taurin kai a cikinsu. Dabba ce ta ga wuri mai daɗi ta kwanta. Muddin ba mu tanadar mata wani wurin da ya kai wannan daɗi ba, kora kaɗai ba za ta yi aiki ba.

Mataki na farko: a ba shi nasa wurin

A sami wani lungu a waje da ɗakin kaya, inda yake iya ganin ƙofa, mai inuwa da rana kuma ruwan sama ba ya dukansa. A ɗora katako biyu ko uku don a ɗaga makwancin daga ƙasa, a shimfiɗa tsofaffin buhunan algarara ko tsohon bargo. A ajiye masa kaskon ruwa da na abinci a nan, nasa shi kaɗai, waɗanda ba a haɗa su da kwanonin gida. Kullum a nan za a riƙa ba shi abinci, kada a jefa masa ƙashi daga kan tabarma lokacin da ake cin tuwo. Wanda ke jefa wa kare loma daga inda yake zaune, shi ne ke koya masa cewa alheri yana kan tabarma.

Mataki na biyu: kalma biyu kacal

Kare ba ya jin Hausa ko Faransanci, amma yana riƙe sauti idan aka haɗa shi da abin da ke biyo baya. Tun zamanin Ivan Pavlov, masanin nan ɗan Rasha da ya sami kyautar Nobel a 1904, aka tabbatar da yadda kare ke haɗa wata alama da zuwan abinci. Kalmomi biyu sun ishe mu: "Sauka" da "Wurinka".

Ga yadda ake yi. Idan ka gan shi a kan benci, kada ka daka tsawa. Ka riƙe ɗan yankan dafaffen nama ko busasshen kifi marar ƙaya kusa da hancinsa, ka ce "Sauka" sau ɗaya, ka janye hannunka zuwa ƙasa. Da zarar ƙafafunsa huɗu sun taɓa ƙasa, ka ba shi nan take. Saurin bayarwar shi ne sirrin abin, domin kare yana danganta lada da abin da ya yi a daƙiƙa ɗaya ko biyu da suka wuce. Idan ka tsaya lalube a aljihu har ya juya, ka saka masa ne a kan juyawa. Daga nan ka ja shi zuwa makwancinsa, ka ce "Wurinka", ya kwanta, ka sake ba shi, wannan karon mafi tsoka. Ta haka zai gane cewa babban rabo yana wurinsa ne.

A kula da wani wayo da karnuka ke yi. Wani kan gane cewa in ya hau aka ce ya sauka zai sami nama, sai ya riƙa hawa da gangan. Maganin wannan shi ne a fi yawan saka masa a lokutan da aka tarar ya je ya kwanta a wurinsa da kansa ba wanda ya sa shi. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya wadatar, kafin a buɗe rumfa da bayan la'asar idan ciniki ya lafa. Idan ya fara kamawa, sai a rage naman sannu a hankali, a bar yabo da murya mai laushi.

Mataki na uku: baki ya zama ɗaya

Nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa. Alhaji ya hana, amma yaron shago yana kiran karen kan benci idan Alhaji ya tafi masallaci. Mai gadi kuma da dare yana barinsa ya kwanta a gefen bargonsa don ɗumi. Kare bai san "wani lokaci" ba. Abin da ma masu nazarin halayen dabbobi suka gano shi ne, ɗabi'ar da ake samun lada a kanta jifa-jifa ta fi wuyar bari, kamar ɗan caca da ya taɓa ci sau ɗaya. Saboda haka a tara kowa, yara da 'yan dako da mai gadi da iyali in a gida ne, a gaya musu doka ɗaya da kalmomin nan biyu, kada wani ya ce "Sauka" wani ya ce "Tashi" wani ya ce "Fita".

Sannan a taimaki karen da kawar da jarrabawa daga gabansa. Idan za a tashi, a naɗe tabarma a jingine, a rataye darduma, a kifa benci ko a ɗora kujeru a kansa. Ɗakin hatsi da na yadi a rufe shi, karen ya yi gadi daga waje. Duk daren da ya kwana a kan buhu ba wanda ya gani, ya mayar da horon baya. Rufe ɗakin yana kare shi kansa ma, domin maganin ɓera da ƙwayar maganin ƙwari da muke sa wa hatsi suna kashe kare. Haka nan albasa tana lalata masa jini, goro kuma yana ɗauke da sinadaran da jikinsa ba ya jurewa, don haka masu waɗannan kaya su yi hattara.

Me ya sa duka ba ya magani?

Idan ka zo da safe ka ga shaidar kwanciyarsa a kan kaya ka rufe shi da duka, shi bai san laifin da ake dukansa a kai ba, tunda awa biyar ke nan da saukowarsa. Darasin da zai ɗauka shi ne zuwan mai gida masifa ne. Ko da ka kama shi a kai ka doke shi, abin da zai koya shi ne kada ya hau idan kana nan. Sunkuyar da kai da sa wutsiya a tsakanin ƙafafu da muke ɗauka nadama ce, tsoro ne kawai. Karen da ya saba da sanda kuwa ɗaya daga biyu yake zama: ko matsoraci mai ɓuya idan ya ga mutum da gora, wanda bai da amfani ranar da ɓarawo ya zo, ko kuma mai cizo ba gargaɗi, wanda wata rana ɗan maƙwabci zai kama.

Idan kare ya yi maka gurnani daga kan tabarma, kada ka cafki wuyansa. Ka ja da baya, ka kira shi da abinci, daga baya ka hana shi isa wurin gaba ɗaya. Tsohon kare da ya fara neman wuri mai laushi bayan shekaru yana kwana a ƙasa, sau da yawa ciwon gaɓoɓi ne ke damunsa, sai a ƙara masa shimfiɗa. Mafi sauƙi dai shi ne a fara tun yana kwikwiyo, a watanni ukun farko na rayuwarsa, lokacin da ya fi saurin ɗaukar sabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babba ma yana koyo, sai dai yana bukatar makonni da haƙuri.

Abin da ya shafi addini da lafiya

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun san wannan mas'ala tun da daɗewa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya taƙaita ajiye kare ga tsaron gona da rakiyar dabbobi da farauta, kuma masu sharhi sun kawo labarin cewa shi marubucin da kansa ya ajiye kare don tsaro lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Hadisin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a ciki kuwa kowa ya san shi. Fatawa ta malamai ce, amma a fili take cewa karen aiki wurinsa daban, kwanonsa daban.

Likitoci ma nan suka tsaya. Kare yana ɗauke da kaska da ƙuma, kuma akwai wata tsutsar ciki da yake samu idan ya ci ɗanyen huhu ko hantar tunkiya mai ƙululun ruwa. Ƙwayayenta suna fita a kashinsa su manne a gashi, in suka shiga bakin mutum sai su yi ƙululu a hantarsa, wanda sau da yawa sai an yi tiyata. Mahauta su daina jefa wa karnuka kayan cikin da suka lalace, mu kuma mu riƙa ba namu maganin tsutsa a wurin likitan dabbobi.

Babbar barazana ita ce cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma allura tana tare ta. A birnin Njamena na Chadi an yi gangamin allura a 2012 da 2013, aka yi wa sama da kashi 70 cikin ɗari na karnukan birnin, cutar ta yanke na wani lokaci. Da ta sake ɓullowa, masu binciken sun danganta hakan da karnukan da aka shigo da su daga wajen birnin. Wannan darasi namu ne mu da ke tsallaka iyaka kullum: kada mu ɗauko kwikwiyo daga wata kasuwa mu kawo cikin iyali ba tare da allura ba. Ana fara yi masa ita yana da wata uku, a ajiye takardar, a sabunta yadda likita ya ce.

Karen da ya san wurinsa ya fi sauƙin lura. Idan wanda kullum ke jin "Wurinka" ya wayi gari bai san mai gidansa ba, yana dalalar da miyau, yana cizon katako, ko ya yi laƙwas ba dalili, kada a taɓa shi da hannu, a killace shi a kira ma'aikatan kiwo. Wanda kuma kare ya ciza ko ya yakushe, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi likita a ranar, kada ya tsaya sa toka ko jiran ya ga abin da zai faru.

Jama'a, tunda mun ɗauki wannan dabba ta tsare mana dukiya, hakkinta ne a wuyanmu mu ba ta ci da sha da inuwa da makwanci. In mun sauke wannan, muka haɗa baki a kan doka ɗaya, tabarma ta zauna da tsabtarta, kaya su tsira, mai gadi kuma ya ci gaba da aikinsa da ƙarfin zuciya. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya ba da kasuwa mai albarka.