Ko Kun Sani? Zafin Rana a Cikin Kwalba

Ko kun sani cewa a ranar 23 ga Maris 1989 wasu malamai biyu masana ilmin sinadarai, Martin Fleischmann da Stanley Pons, suka tara manema labarai a Jami'ar Utah ta Amurka, suka yi da'awar sun haɗe ƙwayoyin zarra a cikin kwalba bisa tebur, alhali irin wannan haɗuwa an san ta ne a can cikin tsakiyar rana ita kanta, inda zafi ya kai digiri miliyan 15? Sandar ƙarfen faladiyam suka tsoma cikin wani nau'in ruwa da ake kira ruwa mai nauyi, suka sakar mata lantarki, suka ce zafin da ya fito ya zarce ƙarfin da suka zuba.

Da sauran malamai suka maimaita gwajin, galibinsu ba su ga kome ba, har kwamitin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ya yanke hukunci a shekarar cewa hujjar ba ta gamsar ba, kuma da aka sake bitar mas'alar a 2004 hukuncin bai sauya ba.

Amma fa maganar ba ta mutu ba, domin kamfanin Google ya kashe kimanin dala miliyan 10 wajen binciken da'awar, masu bincikensa suka bayyana a mujallar Nature a 2019 cewa ba su sami hujja ba, sai dai sun kyautata na'urorin auna zafi. Sannan a 2023 hukumar ARPA-E ta gwamnatin Amurka ta ware dala miliyan 10 ga ayyukan bincike 8 a kan mas'alar. Bincike dai ya halatta, amma ijma'in masana shi ne da'awar har yau ba ta tabbata ba.